Mai Kofato

Da hantsi ta shigo Shiyar Madunka,
Keziya, tsohuwar nas, mutuniyar Zuru,
da littafi naɗe cikin ɗankwali
kamar mai kai jinjiri awo.
"Na babana ne. Bayansa ya karye.
An ce kai ke ɗinke irin wanga."

Na karɓa. Warin ƙasan adaka gare shi,
kafur da tsohuwar damina.
Gara ta ci gefe, ta bar tsakiya.
Turanci ne, ban iya ba,
amma zane ba ya neman tafinta.

Shafi na tara, ga shi tsaye:
ƙaho biyu, wutsiya mai kan mashi,
fiffiken jemage, haƙarƙari duk a waje
kamar bai ci komi ba tun zamanin Adamu.
Wani, a wata ƙasa mai sanyi,
ya zauna da ƙarfe mai tsini
ya ja masa gashin ƙwauri ɗai-ɗai.
Na yi a'uziyya,
sannan na ce, kai, mutumin nan ya iya aiki.

Idanun babu. Huji biyu ne.
Keziya ta yi dariya har da dafa benci:
"Ni ce, ina 'yar shekara shida, da allurar mamata.
Ko'ina na kwanta yana kallona.
Na sha bulala, amma na yi barci."

Ta tafi. Na ci gaba da buɗawa.
Ga mai haɗama, ciki kamar randa, kare na lasar yatsunsa.
Ga wata da madubi, ƙoƙon kai na leƙe daga ciki.
Ga raggo na minshari, rufin ɗaki na yoyo bisa goshinsa.
Kowa da nasa ɗan abu
maƙale a kafaɗa, baki cikin kunne.

Nahantsi, yarona, ya leƙo:
"Baba, ƙafar akuya gare shi!"
Haka ne kuwa. Kofato tsagagge,
irin na jar akuyar da muke jeme fatarta.
Me akuya ta yi musu can?
Nan ita ke biyan kuɗin makaranta.

Mu ba a zana muna shi ba.
An dai ce yana bin inda jini ke bi.

Shafi na arba'in da ɗaya: ɗan kasuwa da sikeli,
babban yatsa na danne gefen faranti.
Mai kofaton na tsaye daga nesa kaɗan,
hannuwa a baya, bai taɓa komi ba,
kamar malamin da ɗalibinsa ya haddace.

Na aje basilla.
Na riga na ce mata dubu tara, fata tsantsa,
alhali ƙarƙashin tabarmata akwai ledar kanti
mai kama da fata, wadda tsohuwa mai yanar ido
ba za ta gane ba sai bayan damina biyu.
Tun tana ƙidayar kuɗin na gama shawara.
Ban ji an dafa kafaɗata ba.
Ban ji ƙauri ba.
Muryar tawa ce, da Sakkwatanci ta yi magana.

Na ɗaga shafin nan na tara.
Hasken ƙofa ya biyo ta hujin biyu,
ɗigo biyu bisa gwiwata.

Kwana uku ina ɗinki.
Jar fata, jimar bagaruwa, wadda na ɓoye wa mai tsada,
na lulluɓe shi da rigar 'yar'uwarsa ta kofato,
na ja zare har ya shata mini yatsa.

Ranar Asabar ta dawo.
Ba ta duba ba, shinshinawa ta yi,
ta shafa bangon da tafin hannu.
"Bai ba ka tsoro ba?"
Na ce, "Wanda kika tsokale wa ido? A'a."

Nahantsi na share guntayen fata.
Ledar na nan ƙarƙashin tabarma,
ban yar ba.
Jibi wani zai kawo jaka.